Rediyon mota ranar Lahadi: waƙar yabo ko sharhin ƙwallo?

Iliya (Billiri):
Salama 'yan'uwa. Ina da tambaya, amma don Allah kada ta zama faɗa. Waɗanda muka je Jos godiyar auren ɗan'uwanmu sun san abin da ya faru muna dawowa ranar Lahadi. Mun bar Bauchi da la'asar, direba ya kamo sharhin wasan Arsenal a rediyo, mu samarin da ke baya muka natsu. Ba a yi nisa ba iyayenmu mata suka ce a kashe, yau ranar Ubangiji ce. Aka kashe, aka ɗauko waƙa har Gombe. Ban ƙi waƙa ba, ni ma ɗan kwaya ne. So nake a fayyace mini: jin ƙwallo ranar Lahadi bayan an tashi sujada zunubi ne, ko kuwa dai ba a so ne kawai? In zunubi ne, to rabin mazan ikilisiyarmu sun shiga uku, har da wasu dattawan da ba zan kama suna ba.

Dauda (Yelwa, Bauchi):
Gode wa Allah za ka yi da aka kashe. Ɗan Arsenal ne kai, daga hawan jini aka cece ka.

Mama Saratu:
Iliya ɗana, ba sai ka sakaya ba, ni ce na ce a kashe, kuma gobe ma in an kunna zan sake faɗa. Ban ce ƙwallo zunubi ba ce. Babanku na gida yana jin ta, ni ma nake sayo masa batir in na je kasuwa. Amma motar nan ikilisiya ce ta yi shatarta, da kuɗin baiko aka zuba mata mai. Bakin da ya karɓi Jibin Ubangiji da safe, shi na ji da yamma yana ambaton uwar alƙalin wasa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba balle sauka. Sannan muna dab da gadar Dindima mai sharhi ya kurma ihu, sai ga direba ya saki sitiyari yana naushin iska. Mota cike, har da jarirai a cinya. Taura biyu ba ta taunuwa, ko tuƙi ko murna.

Kawu Bulus Direba:
Yaya Saratu, ina gaisuwa. Tunda mu direbobi ake wa shari'a, bari in sa baki. Siminti nake ɗauka daga Ashaka, yau Yola, gobe Jalingo. Abin da ke cin direba a hanyar nan barci ne. Tsakanin azahar da la'asar, ka ci ka ƙoshi, rana ta buɗe, kwalta na walƙiya, injin na gurnani murya guda, idonka a buɗe amma ka riga ka tafi. Goro yana ƙoƙari, amma bai kai mai sharhi ba. In ya ce "ga shi nan ya yanke ɗaya, ya yanke biyu", jinin jikinka duk sai ya tashi. Ku gafarce ni da wannan: waƙoƙinmu na littafi, in aka ja su a sanyaye, gyangyaɗi suke sa ni. A majami'a ba laifi, benci ba ya faɗawa rami.

Maganar sakin sitiyari kuwa ba zan kare shi ba. Wannan direban yaro ne. Wanda ya daɗe a hanya a ƙirji yake murna, hannu na wurinsa.

Batun Lahadi kuma, lodi bai san Lahadi ba. Sau da yawa takan same ni a Numan ko a bakin Mayo Belwa. Da asuba yaron motata, Musulmi ne, ya shimfiɗa kwali ya yi sallarsa, ni in buɗe Zabura 121 in yi addu'ata, mu sha shayi mu tashi. In akwai majami'a kusa kuma kaya ba na gaggawa ba ne, nakan shiga. Da yamma mu kamo wasa. Shi ɗan Chelsea ne, wannan kaɗai ne saɓanin da ke tsakaninmu.

Mama Saratu:
Bulus, waƙar yabo ce ke sa ka barci? Zan gaya wa matarka.

Kawu Bulus Direba:
Ta riga ki sani, Yaya. Ita ke zungura ta da gwiwar hannu.

Habila:
Ni ta ɓangaren na'ura zan shigo. Kawu, ba kowane wuri ake kamawa ba ai. FM iyakarta inda eriyar tasha ke hange, shi ya sa Progress ko Amana ko Jewel suke rangaɗau a cikin Gombe, amma ka gangara wajen Kaltungo da Cham duwatsu suka shiga tsakani sai shuuu. Haka Globe da Albarka in ka yi nisa da Bauchi. Gajeren zango ne mai nisan tafiya, don shi sama yake yi, ya daki wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, har ka ji tashar da ke wata nahiya kana tsakiyar daji. Matsalar ita ce yawancin rediyon mota na yanzu ba su da shi, sai dai ka riƙe 'yar Kchibo a gefe. Masu bi ta intanet kuma a baya suke, wanda ke kan rediyo ya gama ihu kafin ƙwallon ta shiga a wayarka.

Sannan masu tsara tafiyar ikilisiya su lura da agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Ingila. Da sun mayar da agogonsu baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wasan ƙarfe 4:30 nasu ya koma 5:30 namu. Wasannin gida kuma galibi ƙarfe 4 ake take su. Duk wanda ya taso daga Jos bayan sujada, dole wasa ya riske shi a hanya.

Dattijo Yohanna (Kaltungo):
'Ya'yana, na karanta duka. Ni jikata ce ke rubuta mini, ku yi haƙuri da tsawo.

Muna yara, ba ma rediyo ba, ƙwallon tsumma in aka gan ka da ita ranar Lahadi sai ka sha bulala a gida, Litinin kuma malamin makarantar mishan ya ƙara maka. Bishara ta shigo ƙasar Tangale a 1917 ta hannun ƙungiyar mishan ta SIM, kuma iyayenmu da suka karɓe ta sun riƙe Lahadi da ƙarfi ƙwarai. Ba noma, ba kasuwa, wasu gidajen ko daka ba a yi. Ban raina wannan ba. Mutanen da ke aiki kwana bakwai a gona, aka ce musu ga rana guda taku ce da Allah, babbar kyauta ce.

Amma ga abin da nake so ku sani. Akwatin rediyo ɗaya ne a unguwarmu. Ta cikinsa muka ji ELWA daga Monrovia ta Laberiya, tashar da SIM ta buɗe a 1954. Ta cikinsa muka ji Muryar Bishara, ana shirya ta a Jos, ana watso ta daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Kuma ta cikin wannan akwatin dai muka ji Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya ranar da muka ci Aljeriya 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 1980, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ɗaya. Mai akwatin dattijon ikilisiya ne, shi ya fi kowa tsalle. Ba wanda ya ce akwatin ya ƙazantu.

Akwai wani mutumin Sikotlan, Eric Liddell. A wasannin Olamfik na Paris a 1924 ya ƙi yin tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400 ya ci zinariya. Daga baya ya tafi aikin bishara ƙasar Sin, ya rasu a 1945 a sansanin da Japanawa suka tsare su. Masu wa'azi a nan suke tsayawa. Amma waɗanda aka tsare tare da shi sun ba da labari cewa a sansanin, da ya ga yara sun yi wasa ranar Lahadi ba mai lura da su har suka kaure da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci a Lahadin da ta biyo. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma ni ban ga inda ya saɓa wa kansa ba.

Duk da haka Iliya, da ina cikin motar nan bayan Saratu zan bi. Uwa ta ce a kashe, a kashe. Sakamako ba ya gudu.

Iliya (Billiri):
Na gode Baba. Amma sakamako daban, jin wasa daban. In sakamako ne kawai ai sai in duba waya da dare.

Rifkatu:
Kada a mayar da abin maza da mata, don na ga an fara. Ni 'yar zumuntar matan ikilisiya ce kuma ina bin ƙwallo fiye da wasu samarin nan. Ran 26 ga Yulin 2025 da Super Falcons, 'yan ƙwallon matan Najeriya, suka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Maroko a Rabat, an tafi hutun rabin lokaci ana cin mu 2 da nema. Na durƙusa na yi addu'a, ba wasa ba. Muka farke, muka ci 3 da 2, kofi na goma. To Fasto, tambayata ta fi ta Iliya nauyi: addu'ar nan tawa daidai ce? Don na san Kawu Bulus ma yana yi a bayan sitiyari, kada ya musa.

Dauda (Yelwa, Bauchi):
Anti Rifkatu, in addu'a ce ke cin wasa, yaya aka yi Gombe United da Doma United suka faɗa gasar 'yan dagaji tare a 2024? Duk majami'u da masallatan da ke Gombe ba wanda ya tuna da su? Filin wasa na Pantami a Gombe ya yi tsit. Mu Wikki Tourists ta Bauchi mun dawo babbar gasa a 2025, kuma kofin ƙalubale na 1998 da muka ƙwace a hannun Plateau United a bugun fenariti yana nan a tarihi. Ku kawo naku mu gani.

Iliya (Billiri):
Ku da kuka riga mu faɗawa a 2023? A bar tone-tone.

Dauda (Yelwa, Bauchi):
To ban da wasa yanzu. Akwai addu'ar da nake yi wa Wikki da gaske. A Fabrairun 2021 motarsu ta kama da wuta a Hawan Kibo suna hanyar Uyo, motar ta ƙone, Allah ya sa 'yan wasan suka fita da ransu. Mu muna maganar jin wasa a mota, su a motar suke rayuwa. Daga Bauchi zuwa Uyo ko Aba a kan kujerar bas, su sauka ƙafa a kumbure su buga minti 90, su sake hawa. Tun daga lokacin, in na ji za su wasan waje, cewa nake Allah ya kai su ya dawo da su. Cin wasa kuwa aikin koci ne.

Fasto Ishaya:
Salamar Ubangiji. Na so in yi shiru in ji ku, amma an kira sunana.

Iliya, ban sami inda Littafi Mai Tsarki ya hana jin wasa ba. Manzo Bulus ya san wasanni sarai. Kusa da Koranti ake yin wata babbar gasa duk bayan shekara biyu, kuma a 1 Korantiyawa 9:24-27 da masu tsere da 'yan dambe ya yi musu misali, ya ce su don rawanin da zai lalace suke horar da jikinsu. Wanda bai taɓa kula da wasa ba ba zai yi magana haka ba. A 1 Timoti 4:8 ma bai ce motsa jiki banza ba ne, ya ce amfaninsa kaɗan ne in an gwada da ibada. Kan rana kuma, Ubangiji da kansa ya ce a Markus 2:27 an yi Asabar domin mutum ne. Amma Romawa 14 da ke ba ka 'yanci kan ranaku, ita ce kuma ta ce kada ka sa ɗan'uwanka tuntuɓe saboda abin da kai ka ga halal ne. A motarka kai kaɗai, kunna. A motar da iyaye ke ciki, ka ji abin da Baba Yohanna ya ce.

Rifkatu, ba zan ce ki daina gaya wa Allah abin da ke ranki ba, Uba ne. Sai dai ki tuna in Najeriya na wasa da Ghana ko Zambiya, can ma akwai wata 'yar zumunta a durƙushe. Ban yarda Allah yana da kulob ba. Matiyu 5:45 ta ce rana da ruwan sama yana ba kowa.

Abin da ke hana ni barci daban ne, kuma ba wanda ya taɓo shi. Caca. Kwanaki na hau motar haya zuwa Bauchi, wani saurayi kusa da ni da waya a kunne yana ta zufa. Na ce wace ƙungiya kake goyon baya? Ya ce ba ko ɗaya, bugun kusurwa yake ƙirgawa, saura biyu takardarsa ta ci. Sunansa na baftisma ya gaya mini. Mai son kulob ko an ci shi gobe yana nan. Wannan yaron ba ya ma jin wasan, kuɗin makarantarsa yake saurare yana tafiya. Karin Magana 13:11 ta yi magana kan dukiyar da aka samu a gaggauce. Da a ce samarinmu irin na Iliya ne duka, masu jin wasa don wasa, da na yi godiya.

Mama Saratu:
Fasto, da girmamawa, kun yi wa maza sassauci. Ku tuna Larabar nan, 7 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta buga wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka da Afirka ta Kudu ƙarfe 6 na yamma. Mu nawa ne a addu'ar tsakiyar mako? Ɓangaren maza benci ne kawai. Ku ma kanku addu'ar rufewa ta ranar ba ta kai tsawon ta kullum ba, muna lura.

Fasto Ishaya:
Mama, addu'a ba a tsawo take ba. Matiyu 6:7.

Rifkatu:
Fasto ya kare bugun fenariti!

Kawu Bulus Direba:
Wannan Larabar ba zan manta da ita ba. Na baro Numan na nufo Cham, muna gaba da ci ɗaya na fenaritin Troost-Ekong. Saura 'yan mintoci mai sharhi ya ce Osimhen ya ƙara. Ni da yarona muka yi ta kabbara da halleluya a haɗe. Nan take tasha ta ɗauke. Na iso wani ƙauye na faka, na sauko ina ce wa masu shayi barka, biyu da nema. Suka dube ni kamar na sha wani abu. Ashe an soke ƙwallon, an koma baya an ba Afirka ta Kudu fenariti, sun farke, ana ƙarin lokaci. A tsaye na ƙarasa wasan a rumfar mai shayi, mu kusan talatin kan rediyo ɗaya. Da Nwabali ya kaɗe biyu, Iheanacho ya jefa ta ƙarshe, wani dattijo mai carbi ya rungume ni har hularsa ta faɗi. Bai tambayi sunana ba, ban tambayi nasa ba. Ranar Lahadi kuma Kodebuwa ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abidjan, kowa ya kama gabansa.

Hannatu:
Ina ta karantawa ban so in yi magana ba. Ku duk kuna maganar cikin mota, ni ta bayan an sauka zan yi. Maigidana ɗan kasuwa ne, hatsi yake kaiwa kudu, a hanya yake jin wasanninsa. Daga yadda ya buga ƙofa muke sanin sakamako. In sun ci, ga tsaraba, ga wasa da yara. In an ci su, abinci ma ba ya ci, yaran su shige ɗaki tun kafin a ce musu. Mutumin kirki ne, ba ya duka, ba ya zagi, yana cikin kwamitin gini a majami'a. Amma yaran da suka yi mako ba su ga ubansu ba, wasu Turawa da ba su san da zamanmu ba ne za su yanke ko zai yi musu dariya. Wannan fa, Fasto? Ba caca yake yi ba, kuma ba lallai ranar Lahadi ba ce.

Dauda (Yelwa, Bauchi):
Kai. Wannan ta same ni.

Iliya (Billiri):
Anti Hannatu, ai ɓacin rai na ɗan lokaci ne, zuwa safe ya wuce.

Hannatu:
A wurinka. Yaro ɗan shekara biyar bai san zuwa safe ba.

Fasto Ishaya:
Hannatu, taki ta fi tawa. Ba zan amsa ta a nan da aya ɗaya ba, kuma ba na so ya ji an kai ƙararsa gaban jama'a. Zan sa ta a taron zumuntar maza na wata mai zuwa ba tare da suna ba. Na tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Kawu Bulus Direba:
Ni abin da wani tsohon direba ya koya mini, in an ci ku kada ka shiga gida kai tsaye. Tsaya a tasha, wanke fuska, sayi ko rake ne na yara. Ba kullum yake aiki ba.

Mama Saratu:
To ni ga shawarata kan motar ikilisiya, in kwamiti ya yarda. Samari su sa abin kunnensu su ji wasansu, ba ihu, ba zagin uwar kowa. Direba kuma a sa mutum ɗaya a gaba yana masa hira don kada ya yi barci.

Habila:
Zai yiwu Mama, dama FM ta waya ba ta kamawa sai da abin kunne mai igiya, igiyar ce eriya. Marar igiya ba ya yi. Amma "ba ihu" ɗin nan ne ban ga mai iya ɗaukar alkawarinsa ba.

Rifkatu:
Kuma wa zai hana direba tambayar na bayansa nawa-nawa ake ciki kowane minti biyu? Gara ya ji da kunnensa a hankali da ya riƙa waiwaye.

Mama Saratu:
Ni zan zauna a gaban. Mu gani ko zai waiwaya.

Dattijo Yohanna (Kaltungo):
Habila, tunda ka san kan abin, in ka shigo Kaltungo ka biyo ka duba mini rediyona. Mita 19 ta gajeren zango ta daina kamawa tun damina, sai ƙara.

Habila:
To Baba, ranar Asabar in Allah ya yarda. A sa sabon batir kafin in zo, sau da yawa shi ne.